Marlys Za Ta Italiya Koyon Taliya

Duk wanda ya yi firamare a garinmu Eveleth, can arewacin Amurka, cikin shekarun nan talatin, ya ci girkin Marlys Haugland, ko ya sani ko bai sani ba. Ita ce doguwar matar nan mai hular raga da ke tsayawa bayan manyan tukwane da ludayi a hannu, tana zuba wa yara dankali da nama tana cewa, "Matsa gaba, ɗan nan, na bayanka ma da ciki ya zo." Yaran da ta zuba wa abinci sun girma sun haifi nasu, su ma ta zuba musu. Har gobe in ta shiga kanti, sai ka ga ƙaton namiji mai gemu ya daidaita tsayuwa yana gaishe ta, kamar wanda aka kama ya bar ganye a faranti.

A wata gona aka haife ta, can bayan gari, gidan mutanen da kakanninsu suka zo daga Norway. Mahaifiyarta mace ce mai tsafta da tsoron Allah, amma girkinta duk fari ne: farin dankali, farin kifi, farar miyar madara, a cikin farin faranti. Gishiri shi ne yaji, shi ne kayan ƙamshi. Ranar da aka yi baƙi aka barbaɗa ɗan masoro, sai mahaifinta ya yi ta tari yana tambayar ko wani abu ya faɗa tukunya.

Tana da shekara ashirin da biyu ta auri Orrin, direban irin manyan tifofin nan da ke kwasar tama a mahaƙa. Mutum ne mai tsadar magana, mai arhar murmushi. Suka sayi ɗan gida mai ɗaki biyu, katanga ɗaya da gidan wata mata mai suna Nazzarena Pierotti, wadda duk layin ke kira Gwaggo Nena. Daga Italiya aka kawo ta amarya bayan yaƙin duniya na biyu, ta auri wani mahaƙi ɗan ƙasarsu, ta haifi 'ya'ya, ta binne mijin, ba ta sake taka ƙasarta ba.

Wata ranar bazara Marlys na shanya a bayan gida, sai wani ƙamshi ya tsallako katanga ya tsayar da ita cak da rigar Orrin a hannu. Tafarnuwa ce ake soyawa a man zaitun, amma a lokacin ba ta san sunan ko ɗaya ba. Gwaggo Nena ta leƙo ta taga ta ƙare mata kallo.

"Ke amarya, me kike dafa wa mijinki? Tunda kuka tare ban ji ƙamshin komai daga gidanku ba. Ruwa kuke ci?"

"Dankali ne, Gwaggo."

"Jiya fa?"

"Shi ne dai."

"Wayyo bawan Allah! Zagayo nan."

Zagayawar da ta yi ke nan, ta shekara arba'in tana yin ta. A madafin Gwaggo Nena ta koyi kwaɓa fulawa da ƙwai, ta koyi murza kwaɓin har ya yi shara-shara ana hango katako ta cikinsa, ta koyi barin miyar tumatir ta yini tana ɓararraka a wuta kaɗan. Gwaggo ba ta awo. In Marlys ta ce, "Nawa zan zuba?" sai ta ce, "Har ya isa." In ta ce, "To yaya zan san ya isa?" sai ta ce, "Ba ki da ido ne?" Wani abin kuma, da zarar tsohuwar ta tsaya gaban murhu sai Turancinta ya gudu, ta koma harshen garinsu. Da shi take ba da umarni, da shi take faɗa, da shi take yi wa tukunya magana in ta yi ambaliya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Marlys ta tsinci kalmomi ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu tare da ɗan duka a bayan hannu.

A makaranta kuwa ba ta taɓa samun dafa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da aka tsara daga sama shi ake dafawa, rabinsa daga gwangwani. Ba ta yi ƙorafi ba. Tana son yaran, tana son hayaniyarsu, kuma ba ta taɓa barin wani ya koma aji da yunwa ba.

Da ta yi ritaya aka yi mata biki, aka ba ta kofi mai sunanta, ta dawo gida. Makon farko ta sha barci. Mako na biyu ta wanke labule. Kafin dusar ƙanƙara ta rufe gari ta gyara kowane lungu na gidan har sau biyu, ta fara bin Orrin da tsintsiya. Shi ya riga ta ritaya, kuma ya san abin yi da kansa: da tafki ya daskare yake jan 'yar bukkarsa ya kafa a kan ƙanƙara, ya huda rami, ya zura fatsa, ya yini.

A wannan hunturun ne maganar ta taso. Gwaggo Nena ta haura tasa'in, hannunta ya daina iya murji, sai dai ta zauna a kujera kusa da murhu tana sa ido, Marlys na aiki. Marlys ta tambaye ta yadda ake yin wata gurasa da ta sha ba ta labari, wadda ake gasawa a kan faifan dutse a rufe da toka mai zafi.

Tsohuwar ta watsa hannu. "Na manta. Ko ma ban taɓa iyawa ba, kallo kawai na yi. 'Yar nan, ina da shekara ashirin na baro gida. Me 'yar shekara ashirin ta sani? Abin da na ɗebo a gefen zanen uwata shi na ba ki, kuma ya ƙare, kin kwashe tas. Sauran yana can."

"To ai shi ke nan."

"Wane irin shi ke nan? Ƙafarki ta karye ne? Ki je ki ɗebo mana."

Marlys ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma maganar ta bi ta gida, ta kwana da ita, ta tashi da ita. Ta kama kanta tana duba taswira a wayarta, tana neman Gubbio, garin da ke kusa da ƙauyen su Gwaggo. Ta ga akwai makarantun da ke koya wa baƙi Italiyanci, har da masu furfura irinta. Ta kashe wayar ta ce wannan hauka ne. Washegari ta sake kunnawa.

Wata safiya Orrin na zaune a teburin kicin yana warware zaren fatsa da ya cukurkuɗe, ta ajiye masa kofi ta zauna gabansa.

"Orrin, ina so in je Italiya."

"To."

"Ba yawon buɗe ido ba. Karatu. In koyi harshen sosai, in koyi girkinsu a wurin masu shi."

"Har tsawon yaushe?"

"Wata shida."

Ya ɗago kai. "Ke kaɗai?"

"In za ka zo, ai..."

"Ni? A jirgi? Da wannan gwiwar?" Ya mai da kai ga zarensa, ya daɗe yana jan wani ƙulli. Can ya ce, "Shekara nawa kina ƙunsa mini abinci ina tafiya tafki in zauna ni kaɗai a bukka? Ba ki taɓa tambayata me nake nema a can ba. Kifin ma ba kullum nake kamawa ba. Je ki, Marlys. Sai dai ki nuna mini inda kike ajiye gishiri."

Wadda ta ba ta wuya 'yarsu ce, Britta, nas a wani asibiti a Duluth. Da ta ji labari a waya sai da ta ce a maimaita mata.

"Mama, ke da ko Minneapolis ba ki taɓa zuwa ke kaɗai ba! In kika faɗi fa? In aka sace miki jaka? Akwai masu kai mutane rukuni-rukuni, kwana goma, a nuna muku komai a dawo da ku lafiya. Har darasin girki suna haɗawa."

"Na gani. Ana ɗaura wa mutum gyale a ɗauke shi hoto da muciya. Ba kallo zan je ba, Britta."

"To Baba fa? Wa zai kula da shi?"

"Babanki ya shekara talatin yana tuƙa mota mai girman gidan nan. Zai iya soya ƙwai."

Britta ta yi kwana biyu tana fushi, rana ta uku sai ga ta da kwamfuta a hammata. Ta ce in dai tafiyar ba fashi, gara ita ta tsara ta da a bar wa uwarta. Su biyu suka zauna suna tankaɗe da rairaya. Marlys ta ƙi manyan birane, ta ce ba ta son inda kowa zai amsa mata da Turanci. Suka dace da wata ƙaramar makaranta a Gubbio, karatu da safe, da rana kuma a tura ɗalibi madafin wani gidan abinci ya kama aiki. Makarantar ce ta haɗa ta da masauki, ɗaki a gidan wata mata mai suna Ombretta, tsohuwar malamar makaranta da ke zaune ita da karenta.

Garinmu ƙarami ne, magana ba ta kwana. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ana shan kofi, Verna Maki, wadda suka yi aji ɗaya da Marlys tun suna yara, ta ja ta gefe ta rage murya.

"Ƙawata, mun ji komai. Ki sani muna tare da ke. Shekara arba'in ba wasa ba, amma in zama ya ƙi, ya ƙi."

"Wane zama?"

"Ke da Orrin mana. Ai mace ba ta tattara kaya ta tsallaka teku haka siddan."

"Verna, taliya zan je koyo."

Verna ta dafa mata kafaɗa cikin tausayi. "Haka ne. Faɗi duk abin da zai sanyaya miki rai."

Kafin mako ya zagayo, matan gari sun fara kawo wa Orrin abinci a kwano rufe, kamar gidan da aka yi rashi, alhali Marlys na tsaye a kicin. Ta so ta fita ta yi musu tas, Orrin ya hana ta. Ya buɗe wani kwano ya shinshina ya ce, "Kar ki yi saurin ƙaryatawa. Bari mu ga ko wata za ta kawo kek."

Da bazara ta shigo aka sa ranar da za ta gaisa da Ombretta ta waya, fuska da fuska. Marlys ta yi kwalliya kamar mai zuwa biki, ta zauna gaban kwamfutar Britta. Ta ƙudurta ba za ta yi Turanci ba. Wata gajeriyar mata mai tabarau ta bayyana, Marlys ta tattaro duk abin da ta tsinta a madafin Gwaggo Nena ta gaishe ta, ta tambayi lafiyar gida, ta ce ta yi murnar ganinta.

Matar ta buɗe baki, ta cire tabarau, ta matso kusa. "Sake faɗa, don Allah."

Marlys ta sake, ta ɗauka ta kwafsa.

"Baiwar Allah, wa ya koya miki wannan magana? Rabona da jin ta tun rasuwar kakata! Haka tsofaffin kan dutse ke yi. Kin san har lafiyar dabbobina kika tambaya?" Tana dariya tana share ido.

Marlys ta saki jiki, hira ta miƙe, rabi da baki rabi da hannu. Ana cikin haka gwiwar hannunta ta ture kofi ya malale a tebur. Ba ta san lokacin da ta furta abin da Gwaggo ke cewa in tukunya ta yi ambaliya ba. Ombretta ta daskare, sannan ta kife da dariya har karen ya hau haushi.

"Wannan kam," in ji ta da ta samu numfashi, "kar ki kuskura ki faɗe shi a gaban fada a coci."

Ana gama wayar Marlys ta zagaya katanga ko takalmin kirki ba ta sa ba.

"Gwaggo! Abin nan da kike cewa in miya ta zube, me yake nufi?"

"Yana nufin miya ta zube."

"Gwaggo, tsakaninki da Allah."

Tsohuwar ta gyara zama, ko a jikinta. "Zagi ne. Na kakan kakan tukunyar. Wa ya ce ki kai shi gaban mutane?"

"Shekara arba'in ina faɗarsa! A makaranta, gaban yara!"

"To sun ji? Sun girma lafiya lau, har da likita a cikinsu."

Zaman wata shida sai da biza, biza kuma sai mutum ya je da kansa ƙaramin ofishin jakadancin Italiya a Chicago. Britta ta ce za ta ɗauki hutu ta raka ta, Marlys ta ce a'a, wanda zai tsallaka teku gara ya fara gwada ƙafarsa a kududdufi. Ta hau bas zuwa St. Paul, ta shiga jirgin ƙasa. Ta ɓata sau ɗaya a bakin tasha, ta tambayi wata mai sayar da furanni, aka nuna mata hanya. Aikin ofis bai ɗauki lokaci ba. Da ta fito yunwa ta kama ta, ta tsaya ƙofar wani gidan abinci tana leƙe. A rayuwarta ba ta taɓa zama cin abinci a waje ita kaɗai ba. Ko a gida, ita ce mai tashi ɗauko wannan, miƙa wancan, nata ya huce kafin ta zauna.

Ta shiga. Mai hidima ta ce, "Ku nawa ne?" Ta ce, "Ni ɗaya," tana jiran a yi mata kallon tausayi, ba wanda ya ko ɗaga kai. Aka ba ta tebur kusa da taga. Da farko ta rasa inda za ta sa hannunta, har ta kama kanta tana tattara farantan teburin da ke gefe. Ta mai da hannun cinya. Abinci ya zo da zafinsa, ta ci a hankali tana kallon mutane na wucewa, ba mai kiranta, ba mai neman ƙari. Da ta gama ta nemi kofi, ta ƙara zama. A jirgin dawowa ta kira Orrin ta ce masa, "Ashe haka kake ji a bukkar nan taka." Ya ce, "Sai dai ni ba mai kawo mini kofi."

Sauran watannin suka tafi a shiri. Kullum da hantsi tana karatu ta waya da wata malama da makarantar ta haɗa su, tana gyara harshenta, tana koyon yadda mutanen yanzu ke magana. Da yamma ta tsayar da Orrin gaban murhu. Ya ƙona tukunya ɗaya, ya dafa shinkafar da za ta ishi layin gaba ɗaya, amma kafin kaka ya iya abinci huɗu, ya ce sun ishe shi, sauran ranakun Verna da jama'arta sa ji da shi. Ta gwada takalma kala-kala tana zagaya unguwa da su, don an ce mata garin duk hawa ne da gangara. Ta cika akwati, ta zazzage, ta rage rabi.

Ana jibi za ta tashi ta shiga sallama da Gwaggo Nena. Jikar tsohuwar ta dawo gidan da zama, saboda haka ba a bar ta ita kaɗai ba, amma ita da Marlys sun san shekarun da ke kanta. Marlys ta durƙusa gaban kujerar ta riƙe hannunta, hawaye suka zubo mata.

"Kul," in ji tsohuwar. "Kar ki jiƙa mini riga. Ban mutu ba, kuma ba inda za ni sai kin dawo na ɗanɗana na ga ko kuɗin jirginki ya tafi a banza."

"Me zan kawo miki, Gwaggo?"

"Me zan yi da kaya? Ki kawo labari. Ki duba mini ko har yanzu matan garin suna da baki. Kuma in sun ce miki wani abu ba haka ake yi ba, ki yi shiru ki koya, ko da ni na koya miki. Sun fi ni sani, suna can ni ina nan."

Orrin ne ya kai ta filin jirgi a Duluth, ganyaye sun yi ja sun yi rawaya a gefen hanya. Da suka isa ya sauke akwatin, ya gyara mata wuyan riga, ya ce ta kira in ta sauka. Britta, da ta same su a can, ita ce ta yi kukan duka su ukun.

Jirgi uku ta hau, sannan jirgin ƙasa daga Roma. Ta sauka a wata 'yar tasha a gindin duwatsu, ƙafafunta sun kumbura, kanta na juyawa don rashin barci, amma ranta fes. Ombretta na tsaye tana ɗaga hannu, ta fi yadda take a waya gajarta, karen na ja da igiya. Ta rungume Marlys ta sumbace ta kunci biyu, ta cusa akwatin a wata mota ƙarama kamar kwalin ashana, ta ja da gudu tana zuba magana ba waƙafi. Marlys na kama ɗaya, biyu na wucewa.

"A hankali, don Allah," ta ce da Italiyanci.

"Maganar ko motar?"

"Duka biyun."

Ombretta ta rage gudun motar kaɗan, ta bar maganar yadda take. Ta ce yau hutu ne, ba mai taɓa tukunya sai ita, ta riga ta ɗora wake tun safe. Gobe kuwa da sassafe za su kasuwa, kuma Marlys ce za ta yi ciniki da bakinta, ita za ta tsaya a baya ta riƙe kwando.

"In suka cuce ni fa?"

"Za su cuce ki mana. Makon farko kowa sai an cuce shi. Riƙe karen nan, za mu sha kwana."